Idon Mai Sayen Tafasa

A Bagwai ba a bar wa daji wuri ba. Gona na jingine da gona, inda kuma ruwan madatsar Watari ya kai, ko da rani ƙasa ba ta hutawa. Amma tafasa ba ta neman izinin kowa. Tana fitowa a burtali, a gefen titi, a iyakar gona, a bayan gari inda awaki ke wuce ta ba su ko kalle ta ba. Mun san ta da kwaɗo da damina, ganyenta da ƙuli da ɗan barkono. Ƙwayar kuwa, da can iska da tururuwa ake bar wa.

Yanzu ƙwayar nan tana hawa jirgin ruwa. A ƙasar Sin soya ta ake yi a dafa kamar shayi, kuma tun zamanin da masu maganin gargajiyarsu ke ba da ita don lafiyar ido da taurin bayan gida. A Indiya, musamman jihar Gujarat, masana'antu na fasa ta su fitar da wani gari mai danƙo da ake kaurara abinci da shi, har da abincin karnuka da kyanwoyi na gwangwani. Tarayyar Turai ta amince da garin a abincin mutane a 2010, ta ba shi lamba E427.

Tsakanin matar da ta karyo tafasa a burtali da waccan masana'anta akwai wani mutum da ba a cika yabawa ba: mai saye a kasuwar ƙauye, da tabarmarsa da kwanon awo da buhunan da ya ninke ya zauna a kai. Shi nake so a duba.

Da kaka, in kwanson ya bushe ya fara ƙara, mata da yara kan karyo, su shanya, su buge da sanda, su sheƙe, su kawo kwano biyu ko uku a ƙullin zane. Mai saye ba ya fara da awo. Hannu yake cusawa har ƙasan ƙullin, domin yashi da tsakuwa can suke kwanciya. Ya ɗebo, ya bar ƙwayar ta zubo ta tsakanin yatsunsa yana saurare. Busasshiya tana da amo a kan faifai, mai danshi kuwa shiru take faɗuwa. Ya ɗauki ɗaya ya gatsa. In ta yi gardama da haƙori, ta bushe. In ta lotsa, sai ya ce, "Iya, a ƙara mata rana kwana biyu, ina nan kasuwa mai zuwa." Ba wulaƙanci ba ne. Kwano ɗaya mai danshi ya isa ya sa buhu ya yi fumfuna kafin ya ga Legas.

Inda gwanintar take sosai shi ne rai-ɗore. 'Yar uwar tafasa ce, wuri ɗaya suke fitowa, yaro mai sauri kan haɗa su a dami ɗaya. Sai dai ƙwayar rai-ɗore tana da guba, tana yi wa dabbobi illa. Dokar Turai ta ce kada ta kai kashi 0.05 cikin ɗari na ƙwayar da za a sarrafa. A lissafin kasuwa, buhu mai kilo 100 bai kamata a samu giram 50 na rai-ɗore a cikinsa ba. Waɗanda suka rubuta dokar suna da ɗakunan gwaji. Mutuminmu faifai gare shi. Ya baza ƙwayar, ya karkata ta ga rana: ta tafasa tana sheƙi, doguwa kaɗan, bakinta biyu a yanke a karkace kamar an sare ta da aska, ta rai-ɗore a baje take, ba ta da haske. Da ɗan yatsa yake ture su gefe yana ci gaba da hira, ko kallon kirki ba ka ga ya yi ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Daga nan sai kasuwar Dawanau, inda dillalai ke sake zazzagewa, a tankaɗe, a auna a sikeli, a cika kwantena. Can ne ake yanka farashi, kuma, in za a faɗi gaskiya, can ne riba ke yin kauri. Mai tabarma da matar burtali ragowa suke samu, alhali in kaya ya dawo, su ake fara zagi.

Masu aiken yara karyo tafasa, ku nuna wa yaran rai-ɗore tun a burtali. Kwansonta ya fi faɗi, na tafasa siriri ne mai lanƙwasa kamar lauje.