Kalaman Ƙarshe na Manyan Mutane: Wa Ya Ji, Wa Ya Faɗa?

A daren 20 ga Janairu 1936 Sarkin Ingila George na Biyar ya rasu a gidansa na Sandringham. Washegari Firaminista Stanley Baldwin ya shiga rediyo ya shaida wa jama'a cewa a ranarsa ta ƙarshe sarki ya kira sakatarensa ya tambaye shi halin da daular Birtaniya take ciki. Wannan tambaya aka riƙe a matsayin kalamansa na ƙarshe, aka buga ta a jaridu da littattafai, ta karaɗe ƙasashen da Ingila ke mulka. Sai a 1986, bayan shekara hamsin, aka fito da abin da likitansa Lord Dawson ya rubuta ya ajiye. A ciki likitan ya ce maganar ƙarshe da ta fito daga bakin sarki tsinuwa ce ga ma'aikaciyar jinyar da ke ba shi maganin barci. Ya kuma amsa da hannunsa cewa shi ya yi wa sarki allurar mofin da koken don ya gaggauta cikawarsa, saboda labarin ya shiga jaridun safe masu daraja maimakon na yamma.

Mai yiwuwa sarki ya yi waccan tambaya da hantsi. Amma ba ita ce ta ƙarshe ba, ita ce dai wadda fada da gwamnati suka ga ta dace da sarki. A nan matsalar wannan fanni take. Abin da ake kira kalaman ƙarshe ba ya zuwa mana daga bakin mamaci kai tsaye. Yana bi ta kunnen wani mai rai, wanda yake da ƙauna ko ƙiyayya ko wata buƙata, kuma mai maganar ba zai dawo ya gyara ba.

Me ya sa ake ba waɗannan kalamai nauyi haka? Saboda mutane sun yarda cewa wanda ya ga mutuwa ido da ido ba shi da sauran dalilin yin ƙarya. Har kotu ta yarda da wannan: a dokokin shaida na Najeriya da Indiya ana karɓar furucin wanda yake gargara game da abin da ya yi ajalinsa, duk da cewa ba zai zo a yi masa tambayoyi ba. Sai dai alƙali yakan bi diddigi, ya ji wa ya ji maganar, mai maganar yana cikin hayyacinsa ko a'a. Masu tattara kalaman mashahurai ba kasafai suke wannan wahala ba. In dai jimlar ta yi daɗi a kunne, ta shige.

Ɗauki Julius Kaisar, wanda aka daɓa wa wuƙa sau 23 a Rum ranar 15 ga Maris, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Jimlar da kowa ke jingina masa, wadda yake mamakin ganin amininsa Brutus cikin masu kisansa, ta yi suna ne daga wasan kwaikwayon Shakespeare, fiye da shekara 1,600 bayan kisan. Masanin tarihin Rum Suetonius ya ce nishi kawai ya yi bai furta kalma ba, ko da yake ya kawo cewa wasu sun ce ya yi wa Brutus magana da Girkanci. Haka Karl Marx: ana yawo da cewa ya kori mai aikinsa yana cewa wawaye ne ke barin kalaman ƙarshe, alhali abokinsa Engels ya ba da labarin cewa a kan kujera suka same shi ranar 14 ga Maris 1883, ya tafi kamar mai barci. Charles Darwin kuma, da ya rasu a 1882, sai a 1915 wata mata da ake kira Lady Hope ta fito ta ce ta ziyarce shi yana jinya ta tarar yana nadamar ra'ayinsa. 'Ya'yansa sun ƙaryata, amma labarin yana nan yana yawo, domin akwai masu buƙatarsa.

Na Gandhi ya fi waɗannan ba ni tausayi, don ba ƙiyayya ce ta haife shi ba. An harbe shi a Delhi ranar 30 ga Janairu 1948, kuma a kan dutsen tunawa da shi an rubuta cewa sunan ubangijinsa ya kira. Shekaru da yawa bayan haka wani daga cikin mataimakansa da ke wurin ya ce shi dai bai ji ba, cikin ƙarar bindiga da ruɗewar jama'a. Ba wanda zai iya yanke hukunci yau. Mabiyansa sun so ƙarshensa ya yi kama da rayuwarsa, kuma wannan so ne ya fi kowane dalili ƙera kalaman ƙarshe a duniya.

Akwai kuma waɗanda maganarsu ta faɗi ƙasa ba a tsinta ba. Albert Einstein ya yi magana da Jamusanci kafin ya cika a asibitin Princeton ranar 18 ga Afrilu 1955, ma'aikaciyar jinyar da ke kansa kuwa ba ta jin harshen.

Kalaman da suka fi tabbata su ne waɗanda mai su ya san lokacinsa ya shirya musu. A Jafan akwai tsohuwar al'ada ta waƙar bankwana, wadda mawaƙa da malaman addininsu da jarumawa ke rubutawa, da yawa tun kafin ciwon ajali ya kama su. Patrice Lumumba na Kongo ya rubuta wa matarsa Pauline wasiƙa yana tsare kafin a kashe shi a Katanga ranar 17 ga Janairu 1961. Salvador Allende na Chile ya yi jawabinsa na ƙarshe ta rediyo ranar 11 ga Satumba 1973, sojoji sun kewaye fadarsa, kuma muryar tana nan a ɗauke. Waɗannan ba a cika gardama a kansu ba. Amma a lura, jawabai ne da aka yi wa tarihi, ba abin da ya kuɓuce daga baki a numfashin ƙarshe ba.

To me mutane suke faɗa da gaske in aka sami amintaccen shaida? Ƙananan abubuwa. Likitan da ya tsaya a kan Nelson, kwamandan jiragen ruwan Ingila da aka harba a yaƙin Trafalgar a 1805, ya rubuta cewa ya gode wa Allah da ya sauke nauyin da ke kansa. Wasu shaidu kuma sun ce ya yi ta roƙon a ba shi abin sha, a yi masa fifita, a shafa masa ƙirji. Na farkon ne aka ɗaukaka, na biyun kuwa shi ne wanda duk wanda ya taɓa jinyar tsoho zai gane nan take. Sokratis, da aka tilasta masa shan guba a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, maganarsa ta ƙarshe tunatarwa ce ga abokinsa Crito cewa akwai bashin zakara da suka yi wa abin bautarsu alkawari, kada a manta a biya. Masana sun ƙarar da tawada suna neman ɓoyayyar ma'ana a ciki. Ni kam na fi ganin mutum ne da ba ya son ya tafi da nauyi a wuyansa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Da aka soki Sayyidina Umar yana limancin sallar asuba a Madina a shekara ta 644, abin da ya shagaltar da shi a kwanakinsa na ƙarshe shi ne ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ake bin sa, sannan ya aika shi wurin Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu. Har yau a jana'iza a Kano ko Zinder za ka ji wani daga dangi ya miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same su.

Inda malaman Musulunci suka sha gaban masu tattara kalaman Turai shi ne isnadi. Kalaman ƙarshe na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mun san ta bakin wa suka zo: Nana A'isha, wadda ya cika yana jingine a ƙirjinta, ita ta ruwaito cewa ya ɗaga kai yana zaɓar komawa ga Aboki Mafi Ɗaukaka. An san wanda ya ji daga gare ta, da wanda ya ji daga wancan, har zuwa Bukhari. Abin takaici, mu da muka gaji wannan ilimi mu ne yanzu muke tura wa juna a WhatsApp da Facebook wasu maganganu da aka ce Sardauna ko wani babban malami ya yi dab da rasuwarsa, ba sunan wanda ya ji, ba ranar, ba wurin. Galibi in ka duba sai ka ga maganar ta yi daidai da rigimar siyasar wannan mako, kamar rigar da tela ya auna ya ɗinka.

Akwai wata ɓarna da ta fi wannan kusa da gida. Musulmi ya yi imani da falalar cikawa da kalmar shahada, shi ya sa ake laƙƙana wa mai gargara, shi ya sa addu'armu a wurin ta'aziyya ita ce Allah ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Wannan gaskiya ce. Amma wasu sun mayar da ita ma'aunin yanke wa mutane hukunci. Sai ka ji ana raɗa a zaure: "Wai bai samu ya yi kalmar ba." Alhali masu aikin asibiti sun san cewa marasa lafiya da yawa sukan yi kwanaki ba su san inda suke ba kafin su cika. Wani shanyewar jiki ta ɗaure masa harshe, wani maganin kashe zafi ya sa shi barci, wani magagi ya sa yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, wani kuma hatsarin mota bai ba shi ko daƙiƙa ɗaya ba. Malamai da kansu sun hana a takura wa mai gargara. An ruwaito cewa da wani ya yi ta maimaita wa Abdullahi ɗan Mubarak kalmar, sai ya ce masa in ya faɗa sau ɗaya yana nan a kanta matuƙar bai yi wata magana ba. Wanda ya shafe shekara sittin yana sahun farko ba ya zama abin zargi don harshensa ya yi nauyi a awa ta ƙarshe, kuma iyalinsa ba su cancanci a tsare su da wannan tambaya suna cikin zaman makoki ba.

Zamani ya sauya wannan fanni ta hanyar da ba a zata ba. Wayar hannu ta zama shaida. Ita ta nuna wa duniya Saddam Husaini yana maimaita kalmar shahada lokacin da aka rataye shi ranar 30 ga Disamba 2006, abin da faifan gwamnati marar sauti bai nuna ba. Ita kuma ta ɗauki muryar George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020 yana cewa ba ya iya numfashi, yana kiran mahaifiyarsa. Shi ba mashahuri ba ne kafin ranar, kuma ba wani mai tsara magana da ya gyara masa ko harafi. Faifan ya zama hujja a kotun da ta ɗaure ɗan sandan da ya danne masa wuya.

Roƙona ga 'yan jarida da masu wa'azi da duk mai tura saƙo a waya: kafin ka sa magana a bakin wanda ya riga mu gidan gaskiya, ka nemi sunan wanda yake cikin ɗakin, ka ji yaushe ya fara ba da labarin. In ba ka samu ba, ka bar maganar, ka yi wa mamacin addu'a.