Riga Fam 9 da Kwabo 15: Kunne da Ido a Jarrabawar Ingilishi ta Ƙasar Sin

Ƙarfe uku saura kwata na ranar 8 ga Yuni ake rufe ƙofa. A sauran darussan gaokao, wato jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, ɗalibin da ya makara yana da sararin minti 15 bayan an fara. A takardar harshen waje babu wannan sassauci: a yawancin larduna, wanda bai shiga ba minti 15 kafin a fara, shi ke nan ta wuce shi. Dalili kuwa sashen sauraro, da lasifikar da ke maƙale a bango. Za a gwada ta, a tabbatar na kujerar baya yana ji, sannan ɗaki ya yi tsit. A waje 'yan sanda sun tare titin da ya bi ta gaban makarantar, an hana direbobi danna hon, an tsayar da masu aikin gini. Su kansu malamai masu sa ido an ja musu kunne su daina kai-komo, kada takun takalmi ya haɗiye wa wani yaro kalma. A shekarar 2024 mutum miliyan 13.42 ne suka yi rajistar wannan jarrabawa, kuma mafi yawansu Ingilishi suka ɗauka daga cikin harsuna shida da aka amince da su.

Abin da takardar ta daɗe tana fara nunawa misali ne, kafin a shiga tambayoyi. Shekara da shekaru misalin bai sauya ba: riga ce ake tambayar kuɗinta, amsa kuwa fam 9 da kwabo 15. Duk wanda ya zauna wa takardar ƙasa ya san rigar nan, har ta zama abin da tsofaffin ɗalibai ke tuna wa juna da shi. Daga nan sai tambayoyi 20, kowace maki ɗaya da rabi, jimla 30 cikin 150, a cikin kimanin minti 20. A tsarin da aka daɗe ana bi, gajerun hirarraki biyar na farko sau ɗaya tak ake jin su, sauran kuma sau biyu.

Na tsaya a kan rigar ne saboda ita ce hoton irin sauraron da ake nema. Farashi uku ne a takarda, dukansu masu kama da juna, aikin kunne shi ne ya cafke ɗaya. A kan wannan aka gina sana'a sukutum. Ɗauki hira irin wadda ake kawowa: mace ta ce jirgin ƙasa zai tashi ƙarfe bakwai, namiji ya ce ai an ɗaga da rabin awa. Tambaya: yaushe jirgin zai tashi? Bakwai tana cikin zaɓin, kuma ita ce tarkon. Malami ya riga ya horar da ɗalibinsa cewa lambar farko da ta faɗo kunne a bar ta ta wuce, a jira kalmar "amma", domin bayanta amsa take. An koya masa ya yi amfani da daƙiƙun da ake bayarwa ya karance tambaya da zaɓi tun muryar ba ta fara ba, ya ja layi ƙarƙashin wuri da lokaci da kuɗi. Akwai ma ƙa'idar da ɗalibai ke yawo da ita game da gajerun hirarraki, cewa zaɓin da ya maimaita kalmar da ka ji daidai, shi za ka fi yi wa zargi.

Ba na cikin masu cewa wannan duk shirme ne. Mai sauraro na gaskiya ma yana hasashen abin da za a faɗa, yana kuma riƙe lamba a ka har ya ji an gyara ta. Matsalar ita ce muryar. Mutum biyu ne a ɗakin ɗaukar sauti, suna karanta rubutu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kai aya. Ba mai katse wani, ba mai in'ina, ba hayaniyar tasha, ba karin harshen Indiya ko na Legas ko na Sikotlan. Yaron da ya shekara uku yana cin 27 cikin 30 zai iya tsayawa gaban Bature mai tambayar hanya ya ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Sinawa da kansu suka raɗa wa abin suna tun shekarun 1990: Ingilishin bebe, wasu su ƙara da na kurma.

Harshen uwa yana da nasa hannu a ciki. Gaɓar kalma a Sinancin Mandarin gajera ce, mai tsabta: ko ta ƙare da wasali, ko da ɗan sautin hanci, kuma baƙaƙe ba sa cunkushewa wuri guda. Ma'ana tana rataye da hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa. Ingilishi kuwa yana danne wasu gaɓoɓi, ya haɗiye wasu, ya liƙa ƙarshen kalma da farkon ta gaba. Bahaushe ya san wannan wahala daga ciki, shi da ya saka wasula a tsakanin baƙaƙen Turawa ya samu burodi da sukundireba. Ɗalibin Sin ya haddace kalma da ido, yana furta ta gaɓa-gaɓa a zuciyarsa, sai ya ji ta a bakin mai harshen an tauna rabinta, ya kasa gane kalmar da ya daɗe da sani. Shi ya sa bambancin fifteen da fifty ya zama darasi mai zaman kansa.

Yadda aka zo nan yana da tarihi. A shekarun 1950 Rashanci ne harshen waje na makarantun Sin. Da aka dawo da gaokao a ƙarshen 1977, bayan Juyin Al'adu ya tsayar da ita shekara goma, mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki kimanin 270,000. Ingilishi ya shigo ne da kaɗan-kaɗan, sai 1983 aka fara ƙirga makinsa cikakke. A 1982 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin BBC mai suna Follow Me, mutane suka yi ta taruwa gaban akwati suna maimaita jimloli. A 1985 aka gwada sabon salon jarrabawa a lardin Guangdong, mai yawan tambayoyin zaɓi da na'ura ke iya dubawa, ƙarƙashin masana irin su Gui Shichun da Li Xiaoju. Sauraro bai samu gurbi a takardar ƙasa ba sai wajen shekarar 2000. Wato ido ya riga kunne shiga ɗakin jarrabawa da kusan shekara 20, kuma har yau kunne bai cim masa ba.

Masu tsara jarrabawar sun yi fatan ta ja aji zuwa amfani da harshe, a rage haddar nahawu. Wata masaniya mai suna Qi Luxia ta bi diddigin wannan fata a binciken da ta wallafa a 2005, ta samu cewa bai cika ba. An ɗora wa jarrabawa ɗaya kaya biyu, tace masu shiga jami'a da gyara koyarwa, sai na farko ya danne na biyu. Malamin da za a auna shi da makin ɗalibansa, abin da ya tabbata zai fito shi zai koyar.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar lardunan da suka daɗe ba sa ƙirga makin sauraro. A Henan, lardin da ya fi kowane yawan masu zama jarrabawar, an shekara da yawa ana kunna sautin amma makinsa ba ya shiga jimla. Sauran maki 120 ake faɗaɗawa su koma 150. Hujjar tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Yaron birni ya tashi da malamin da ya yi karatu a waje, da darasin bayan makaranta, da fina-finai. Yaron ƙauye yana da malami mai ƙoƙari wanda shi ma a takarda ya koyi harshen, da lasifika mai shaƙewa. A auna su da kunne, an hukunta talaka a kan abin da ba laifinsa ba. Sai dai maganin ya ƙara ciwon. Da zarar maki ya fita daga lissafi, darasin ya fita daga jadawali, kuma wanda ya fi asara shi ne yaron ƙauyen nan, domin aji ne kaɗai inda zai ji harshen.  A can gefe, Guangdong ta daɗe tana gwada ji da magana ta kwamfuta, Beijing ta ware wa ji da magana maki 50 tun 2021 tare da ba da damar zama sau biyu. Mu ma nan muna da abin dubawa: ɗalibin Nijeriya yana amsa takardar furuci ta WAEC ba tare da ya ji sauti ko ɗaya ba, alhali takwaransa na Gana yana zama wa sauraro.

Ido kuwa ya sha horo, kuma a nan dole a yi wa tsarin adalci. A sabuwar takardar ƙasa karatu yana da maki 50. Nassi huɗu ne da tambayoyi 15, yawanci an tsakuro su daga jaridu da mujallun Ingila da Amurka an yi musu kwaskwarima. Na farko kan zama talla ko sanarwa, na ƙarshe kan zama bayanin wani binciken kimiyya mai dogayen jimloli. Sannan sai abin da ɗalibai ke kira "bakwai a zaɓi biyar": an zare jimloli biyar daga wani rubutu, an ba ka bakwai, ka mayar da kowace gurbinta ka bar biyu. Wannan sashe ya burge ni. Ba ya yiwuwa da tsintar kalma. Sai ka lura "shi" ɗin nan wa yake nufi, "duk da haka" ɗin nan me take warwarewa, ina sakin layi ya dosa. Wanda ya iya shi ya fara ganin yadda ake ɗinka tunani a rubuce.

Hanyar kaiwa can ita ce mai tsanani. Da sassafe aji kan ɗauka da karatu da ƙarfi, kowa da ɗan littafin kalmomi, adadin da ke bakin kowa shi ne 3,500. Da dare kuma sai abin da suke kira shuati, wato gogar tambayoyi, a cikin abin da su da kansu suke kira tekun tambayoyi. Shahararren littafin atisaye sunansa kawai ya isa bayani: shekara biyar na gaokao, shekara uku na gwaji. Makarantu irin su Hengshui a lardin Hebei da Maotanchang a Anhui sun yi suna a kan tsara ranar ɗalibi minti-minti. Dabarar karatun ita ce a fara da tambaya, a koma nassi a nemo jimlar da ta dace, a duba zaɓin da ya faɗi abu ɗaya da wasu kalmomi. Zaɓin da ya ce "kullum" ko "ko kaɗan" abin tuhuma ne.

Sakamakon gaskiya ne: ɗalibi mai matsakaicin ƙoƙari yana fita sakandare yana iya kutsawa cikin rubutun Ingilishi mai wuya, a ƙasar da ba a jin harshen a kasuwa ko a ofis. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ke riƙe da dubban da ke tafiya jami'o'in waje. Abin da ke damuna shi ne tsawon numfashi. Yaro ya karanta nassi dubu, kowane bai wuce rabin shafi ba, kowane da tambaya a gindinsa, amma bai taɓa bin labari ɗaya na shafi ɗari don son jin ƙarshensa ba. Ya saba rubutu wuri ne da aka ɓoye amsa. Ranar da aka ba shi littafi babu tambayoyi, sai ya rasa abin da zai nema.

Gyara mafi ma'ana da aka yi, a ganina, daga Zhejiang ya fito a 2016, ya kuma bazu zuwa takardar ƙasa. Ana ba ɗalibi labari na kimanin kalma 350 da aka yanke a tsakiya, da jimlar buɗe sakin layi biyu, ya ƙarasa da kalma wajen 150, a kan maki 25. Tunanin na Wang Chuming ne, malami a jami'ar nazarin harsunan waje ta Guangdong, wanda ya daɗe yana cewa harshe yana kama mutum ne idan ya ci gaba daga inda wani ya tsaya, yana aron kalmominsa da salonsa. Ba ka iya ƙarasa labarin da ba ka fahimta ba. Sai ka san halin mutanen ciki, ka tuna karen da aka ambata a farko, ka ji inda zuciyar labarin ta karkata. Karatu da rubutu sun zama aiki ɗaya. Masu gogar tambayoyi sun riga sun biyo sawu, ana haddace jimlolin hawaye da bugun zuciya da fitowar rana don a liƙa a kowane labari, amma mai makin da ya karanta asalin labarin yana gane liƙi.

Akwai wani yaro da kowane ɗalibin Sin ya sani, Li Hua. Ba mutum ba ne, suna ne da takardar ke ba ka: kai ne Li Hua, rubuta wa abokinka na waje wasiƙa. Tun shekarun 1990 ake rubuta waɗannan wasiƙu, ba wadda ta je ko'ina sai teburin mai maki. A Janairun 2025, da aka yi barazanar rufe TikTok a Amurka, ɗimbin Amurkawa suka kwarara zuwa manhajar Xiaohongshu ta Sin. Da suka ji labarin Li Hua, wasunsu suka zauna suka rubuta masa amsa, suna ba shi haƙurin jinkiri. Tsofaffin ɗalibai suka karanta, da yawa suka ce sun yi hawaye, suka mayar da martani da Ingilishin da suka koya don maki. Inda amsar ta zo a bidiyo, da muryar mutum mai sauri da dariya da haɗiye kalma, akasari akwai rubutu yana gudana a ƙasan hoton.