3.4 Koyon Ɗauka da Tacewa a Cikin Ƙungiya

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, fim ɗin Hausa na bidiyo daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ya samo tushe, ba daga makaranta ba. A shekarar 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari kuma ya fito a ciki. Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos kuwa sai a 1995 aka kafa ta. Ke nan, matashin da ke sha'awar wannan sana'a a wancan lokaci ba shi da wata makaranta da ta wuce ƙungiya. Abin da za a duba a nan shi ne, me irin wannan makaranta take iya koyarwa, me kuma yake gagarar ta.

Ta fuskar wasa da furuci, ƙungiya ta taka rawar gani. 'Yan wasan sun goge a wasan daɓe da na talabijin, kuma a wajen gwaji kowa na kallon kowa, wanda ya yi kuskure nan take za a gyara masa. Kyamara kuwa ɗaya ce, mai riƙe ta ma ɗaya ne. Yawanci akan kafa ta ne a daidai inda 'yan kallo za su zauna da a ce a dandamali ake, sai ta zama 'yar kallo kawai. Shi ya sa a finafinan farko za a ga baƙo ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa, an gaisa har an tambayi iyali, duk a ɗauka ɗaya.

Sau da yawa akan kira wannan da sakaci ko rashin sanin aiki. Mai wannan nazari bai yarda da hakan gaba ɗaya ba. Tacewa a kaset ɗin VHS da na'ura biyu ake yin ta, ɗaya tana nunawa, ɗaya tana naɗa, kuma bi-da-bi ake jera fitowa tun daga farko har ƙarshe. Idan aka gano kuskure a tsakiya bayan an yi nisa, galibi sai an sake aikin daga wannan wurin. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka kwafi hoto daga kaset zuwa wani, ingancinsa raguwa yake yi, kafin ya kai kasuwa launi ya dusashe, sauti ya yi shaƙe. Wanda ke aiki da irin wannan kaya, dabara ce gare shi ya rage yanka. Har ila yau, gaisuwa a wurin Bahaushe ba ɓata lokaci ba ce. Idan aka datse ta ba bisa lura ba, sai mai kallo ya ɗauka baƙon ba shi da ladabi, alhali labarin bai nufi haka ba.

Inda raunin yake a gaskiya shi ne rabon aiki. Mai ɗauka ba ya zama a wurin tacewa, mai tacewa kuma bai je wurin ɗauka ba, sauran 'yan ƙungiya kuwa sai dai su ga fim ya fito. Alhali a wurin tacewa ne ake gane abin da ya kamata a ɗauka. Alal misali, a ƙasar Rasha wajajen 1920, Lev Kuleshov da ɗalibansa sun yi fama da ƙarancin fim ɗin ɗauka, sai suka koma yanka tsofaffin finafinai suna sake jera su. An ruwaito cewa ya haɗa fuskar ɗan wasa guda da hoton kwanon miya, da na gawa, da na mace, masu kallo suka ga yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta canza ba. Su ma ƙungiya ce, su ma talauci ne ya matse su, amma a teburin tacewa suka taru.

Domin gwada wannan ra'ayi, mai nazari da abokan karatunsa huɗu sun shirya ɗan gajeren fim na minti 10 da wayar hannu, a kan wani matashi ɗan Gatawa ta ƙasar Sabon Birni da ya zo cin rani Sakkwato. Uzurin kaset ya kau, tunda a kwamfuta ana iya yanka a mayar ba tare da hoto ya lalace ba. Duk da haka, tsohuwar ɗabi'ar ce ta dawo: mai wayar shi ya riƙe ta har aka gama. Da aka zo tacewa sai aka tarar an ɗauki rabin wata fitowa da hantsi, rabin da la'asar, inuwar bango ta juya a tsakiyar magana. Wurin da matashin ke ƙirga kuɗin da zai aika gida, wanda shi ne zuciyar labarin, daga nesa kawai aka ɗauke shi, babu hannu, babu fuska, don haka babu abin da za a yanka zuwa gare shi.

A zagaye na biyu sai aka sa sharaɗi cewa duk wanda ya ɗauki fitowa shi zai tace ta a gaban sauran. Aikin ya ƙara kwana uku, an kuma yi gardama sosai, musamman a kan gaisuwar matashin da mai masaukinsa, wadda a ƙarshe aka bar ta cikakkiya. Amma kafin a kai fitowa ta uku, wanda a da yake kafa waya ya koma gefe, shi da kansa yake tsayar da ɗan wasa yana cewa a sake ƙirga kuɗin, yana son ya ɗauki yatsun daga kusa.