Idon da ya iya kallon Gicciyen Kudu

Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, kowa ya san su tun yana ƙarami. Amma ba kowa ne ya taɓa fuskantar kudu ya sauke idonsa ƙasa-ƙasa ba, inda wasu taurari huɗu masu haske suke tsaye, waɗanda masana ke kira Gicciyen Kudu. Cikin rukunonin taurari 88 da aka raba sama da su, shi ne ɗan ƙaraminsu, amma ya hau tutar Ostareliya da Niyu Zilan da Birazil. Mutumin Landan ba ya ganinsa ko kusa. Daga Kano ko Damagaram kuwa yana leƙowa, tsayinsa bai wuce dunƙulen hannu biyu daga doron ƙasa ba idan ka miƙe hannunka.

Gwanin kallonsa yana farawa ne da sanin lokaci. Ƙarshen Maris sai tsakar dare gicciyen yake miƙewa sosai, tsakiyar Mayu kuwa wajen ƙarfe 9. Gwanin yana jiran daren da babu farin wata, musamman bayan ruwan farko ya kwantar da ƙura, ya fita bayan gari inda fitilu ba sa damunsa. Akwai wani gicciyen na bogi a yamma da shi, ya fi shi girma, yana yaudarar baƙon kallo. Gwani ba ya ruɗuwa, domin na gaskiyar yana da 'yan rakiya biyu masu tsananin haske a gabashinsa. Na nesa da shi cikinsu, Alfa Santauri, shi ne maƙwabcin rana mafi kusa cikin taurarin da ido ke gani, haskensa na yin shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a wannan sana'a shi ne horon ido. Mai kallo zai zauna cikin duhu minti 20 zuwa 30 bai taɓa wayarsa ba, don leƙa ta sau ɗaya na rushe duk zaman. In dole ne ya duba taswira, jar fitila mai rauni yake kunnawa. Sannan ga dabarar da ke ba sabon shiga mamaki: abu mai disashen haske ba a zuba masa ido kai tsaye. Da wutsiyar ido ake kama shi, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin ɗan ƙaramin haske. Sai an sha fama kafin mutum ya iya riƙe hankalinsa a wuri ɗaya alhali idonsa na wani wurin.

Da wannan horon ne ake ganin Buhun Gawayi, wani baƙin tabo a jikin farin zanen taurarin da ya ratsa sama, daf da ƙafar gicciyen. Mutum zai ɗauka wurin fayau yake. Alhali gajimaren ƙura ne mai nisan shekarar haske kusan 600, ya tare taurarin da ke bayansa. Asalin mutanen Ostareliya sun daɗe da ganinsa a matsayin kan wata tsuntsuwa 'yar'uwar jimina, wadda jikinta duka duhu ne. A wajenmu yana wuyar gani saboda hazon ƙasa-ƙasa, amma a hamadar Namibiya, inda gicciyen ke hawa can sama, yana fitowa ƙarara.

In akwai madubin hangen nesa, ko da ƙarami ne, sai a karkata gefen tauraron gabas na gicciyen. Ɗan ɗigon da ke wurin zai watse ya zama tarin taurari farare da shuɗaye, da ja ɗaya a tsakiya. Bafaranshe Lacaille ya rubuta shi lokacin aikinsa a Cape Town a 1751 zuwa 1752, John Herschel kuma, wanda ya zauna can daga 1834 zuwa 1838, ya kwatanta shi da kayan ado na duwatsu masu daraja, sunan Akwatin Lu'ulu'u ya bi shi. Tauraron ƙafar gicciyen ma, in madubin ya daidaita kuma iska ta lafa, rabuwa yake yi gida biyu.

Matafiya na da nasu amfanin. Ka ja layi daga jan tauraron kai zuwa na ƙafa, ka ƙara tsawonsa sau huɗu da rabi, can ne sama ke juyawa a kudu. A ƙasarmu wurin yana ɓoye ƙarƙashin ƙasa, don haka idan gicciyen ya miƙe tsaye sak, ƙafarsa kudu take nunawa.