Da gaske ne sankarar maman matan Afirka ba ta jin tamoksifen?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a asibitocinmu: wai sankarar mama a matan Afirka ta Yamma galibi irin muguwar nan ce da ba ta jin magungunan toshe sinadarin mata. An maimaita ta har ta zauna a ka kamar karatun allo. Yau bari mu duba inda ta samo asali, mu ga ko hujjar ta kai girman maganar.

Mu fara da gwajin kansa. Idan aka yanko ɗan tsoka daga ƙarin da ke cikin mama, likitan gwajin tsoka yana zuba masa sinadarai masu rina abin da ake nema, sannan ya duba a na'urar ƙara girma. Abu uku ake nema: ER, PR da HER2. ER wata makama ce a cikin ƙwayar sankara. Sinadarin isturojin yana kama ta, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa. PR kuma makamar furojestaron ce. Idan aƙalla kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin suka rinu, to ƙarin yana da ER, kuma tamoksifen zai iya toshe wannan makama. Shan sa shekara 5 yana rage mace-mace daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai HER2 da yawa tana da nata maganin, wato Herceptin. Wadda ba ta da ko ɗaya cikin ukun, kemo ce babbar madogararta. Kun ga ke nan layi ɗaya a takardar sakamako shi ke yanke maganin da mace za ta samu.

A 2009, mujallar Journal of Clinical Oncology ta buga binciken ayarin Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago a kan matan Najeriya da Senegal. Sun samu kashi 24 cikin 100 kacal ke da ER, kusan kashi 55 kuma ba su da ko ɗaya cikin ukun. Aiki ne mai nauyi, ya kuma jawo hankalin duniya kan matan da aka daɗe ba a bincike a kansu. Amma shekara ɗaya kafin nan, a 2008, Farfesa Clement Adebamowo da abokan aikinsa sun gwada tsokar mata 192 a Najeriya, suka samu kashi 65 na da ER. Yanki ɗaya, cuta ɗaya, 24 da 65. To ina gizo ke saƙar?

Babban abin zargi shi ne yadda ake sarrafa tsokar. ER furotin ne, kuma daga lokacin da aka raba tsoka da jini yake fara lalacewa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na gwajin tsoka na Amurka suka shimfiɗa ita ce a tsoma tsokar cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, wanda aka daidaita tsaminsa, kafin awa 1 ta cika, ta kuma zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Yanzu ku ƙaddara an cire mama ɗungurungum, an jefa a bokiti ba a tsattsaga ba. Fomalin a hankali yake ratsa nama, kafin ya isa tsakiyar ƙarin, makamar ta riga ta lalace. Ko kuma a damƙa wa ɗan'uwan majiyyaciya kwalba ya hau mota zuwa wani gari, ta yi mako biyu tana jira. Sakamako zai fito "babu ER", alhali akwai. Kuma ku lura, kuskuren galibi gefe ɗaya yake karkata: yana ɓoye ER ɗin da ke nan ne.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. A 2014, mujallar PLoS Medicine ta tattara bincike 80 daga faɗin Afirka, mata kusan 17,000. Inda aka yi amfani da tsohuwar tsokar da aka ajiye, yawan masu ER ya gaza na sabuwar tsoka da kusan kashi 10. A sabuwar tsokar da aka tara musamman don bincike, kashi 59 ne ke da ER, kashi 21 kuma ba su da ko ɗaya cikin ukun.

A yi adalci fa. Kashi 21 ɗin nan ya fi abin da ake gani a matan Turawa, kuma a Amurka ma, inda ba a fama da matsalar fomalin, baƙaƙen mata sun fi samun irin wannan sankara. Don haka bambancin akwai shi. Abin da muke suka shi ne tsallen da aka yi daga "ta fi yawa" zuwa "ita ce mafi rinjaye". Wannan tsalle yana da tsada. Likitan da ya gaskata shi ba zai yi mamakin sakamakon "babu ER" ba, ballantana ya nemi a sake gwaji. Sai a sallami mace ba tare da tamoksifen ba, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da za ta iya sha a ɗakinta. Ɗaya gefen ma kuskure ne: a bai wa kowa tamoksifen ba gwaji, har wadda ba zai amfana ba, ga haɗarin daskarewar jini da yake ɗauke da shi.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane sakamakon da za a yarda da shi. Lafiyayyun ƙwayoyin bututun nono da ke gefen ƙarin, wasunsu suna da ER. Idan su ma ba su rinu ba, to tsokar ce abar tuhuma. Saboda haka 'yar'uwa, idan takardarki ta ce babu ER, kina da damar tambayar likita: awa nawa tsokar ta yi a fomalin? Lafiyayyun ƙwayoyin gefe sun rinu? Idan amsar ba ta fito fili ba, ki nemi a sake gwajin, musamman a kan ɗan tsokar farko da aka ɗauka da allura, domin ƙarama ce, fomalin ya fi saurin ratsa ta.