Littafin "Hackers": Ba Duk Mai Kutse Ne Ɓarawo Ba

Da an ce mai kutse, hankalinmu sai ya tafi kan 'yan yahu masu kwashe kuɗi daga asusun mutane. Littafin "Hackers" na Steven Levy, wanda ya fito a 1984, ya nuna ba daga nan abin ya faro ba.

Levy ya soma da ɗaliban jami'ar MIT a Amurka, waɗanda a ƙarshen shekarun 1950 suke kwana a kan kwamfutar TX-0. In sun rubuta manhaja sai su bar ta a aljihun tebur, kowa ya ɗauka ya gyara. Daga nan ya koma kan ƙungiyar Homebrew, da ta fara zama a wani gareji a Kalifoniya a 1975. A can Steve Wozniak ya riƙa raba zanen Apple I kyauta. A 1976 kuwa Bill Gates ya rubuta wasiƙa yana kiran kwafar manhajarsa ta BASIC sata.

A nan littafin ya karkata. Kyauta da daɗi, amma kuɗin ma'aikatar tsaron Amurka ne ya riƙe binciken MIT. Levy ya ambaci hakan, sai dai zuciyarsa na tare da masu rabawa. To, wanda da guminsa yake ci fa?

Duk da haka, yaranmu masu gyaran waya su neme shi. Iyayen gidansu masu juya baya in gyara ya yi wuya, don kada yaro ya gani, su ma a karanta musu labarin Homebrew.