Makin ilimi ake bayarwa ko na saurin baki?

Yaranmu da ke karatu a Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Jimeta sun san abin da ake kira firezenteshan: ɗalibi ya tsaya gaban aji ya bayyana aikinsa, malami ya ba shi maki. Tsarin ba laifi. Inda nake da ja shi ne yadda ake auna mai in'ina da mudu ɗaya da mai sakakken harshe.

A ce minti 5 aka yanka wa kowa. Yaron ya san karatunsa sarai, amma kalma ɗaya ta maƙale masa, 'yan baya suka fara ƙunshe dariya, wani ya ƙarasa masa kalmar, malami ya duba agogo ya ce lokaci ya yi. To me aka gwada a nan? Ai ba ilimi ba ne. Mu a kasuwa, mai saye in yana in'ina, jiransa muke yi har ya gama tayi, don kuɗinsa muke so. Me zai hana aji wannan haƙurin?

In'ina ba tsoro ba ce, ba kuma rashin ƙwaƙwalwa ba. Kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da ita, ta fi yawa ga maza. Duk malamin Islamiyya ya sani, irin wannan yaron in ana karatu baki ɗaya, harshensa kan sake. Masu dariya kuwa su koma Suratuz Zukhruf su ga wanda ya goranta wa Annabi Musa (AS) nauyin harshe. Fir'auna ne.

Amma iyaye, ku ma da naku. Masu zuwa roƙon malami ya yafe wa ɗansu tsayawa gaban aji, cutarsa kuke yi, don gobe zai zauna gaban masu ɗaukar aiki. Annabi Musa ya roƙi a haɗa shi da Haruna, amma da ƙafarsa ya je fadar. Ɗalibi ya samu malaminsa tun da wuri ya nemi ƙarin minti 2 ko 3, ya nemi a sa shi cikin na farko, don zaman jira shi ke ƙara ɗaure harshe. In ya tashi, ya faɗa wa aji yana da in'ina, kada kowa ya ƙarasa masa magana, sannan ya shiga aikinsa.